Burodin da Fekla Ta Gasa wa Sarki

An haifi Fekla Savelyevna a ƙauyenmu na Osinovka, a bakin kogin Volga, a shekarar da Sarki ya 'yanta bayin gona. Uwarta ta ce alamar sa'a ce. Sa'a ce kuwa: an ba ubanta 'yanci, an bar wa mai ƙasa gonar da dajin da makiyayar, sai mutumin ya samu cikakken ikon kwana da yunwa ta duk gefen da ya ga dama.

Ta girma, ta yi aure, ta haifi bakwai, ta binne shida. Ta binne mijin ma, wanda bai bar mata komai ba sai battar tabarsa ta ƙarfe. Abu biyu aka san ta da su. Na farko burodi, don in Fekla ta buɗe tanda, har karnukan ƙetaren kogi sai sun ɗaga hanci. Na biyu son Sarki. Ta rayu a ƙarƙashin sarakuna uku na gidan Romanov, kowanne da gashin bakinsa, babu wanda ya taɓa jin sunan Osinovka, amma hoton mai ci kullum yana kusurwar ɗakinta kusa da na waliyyai, tana goge shi da gefen zaninta. In an ƙara haraji, ta ce, "Baba Sarki bai sani ba." In an kwashe samari zuwa yaƙi, bai sani ba. Ba a taɓa yin mutumin da rashin sani ya jawo wa ƙauna kamar wannan bawan Allah ba.

Ɗan da ya rage mata shi ne Mitrofan, ƙato mai sanyin hali. Shekarar da manoma suka tayar da ƙayar baya, wasu suka cinna wa rumbun mai ƙasa wuta. Masu wayo suka watse. Mitrofan ya ɗauki guga ya ruga kashe gobara, don haka shi kaɗai sojoji suka tarar a wurin. Alƙali ya auna maganar da hikimar da Allah ya ba shi, ya gano cewa mai ɗauke da guga lallai ya san za a yi wuta, ya tura shi ɗauri can Saiberiya.

Sau uku Fekla tana aika wa Sarki koke ta gidan waya, sau uku yana ƙarewa a teburin Yermolai Kuzmich, ɗan sandan yankinmu, mai tumbi da takobin da bai taɓa yanka komai ba sai tsiran alade.

Bayan shekara bakwai aka yi shelar cewa gidan Romanov ya cika shekara ɗari uku a kan gado, kuma Sarki zai bi ta Volga a jirgin ruwa. Dattawa suka ce Fekla za ta gasa burodin tarba. Kowa ya san ƙa'idar burodi da gishiri: baƙo da hannunsa yake gutsura, ya dangwala, ya ci. Ba a wakilta wani. Nan dabara ta faɗo mata, ta ɗauki battar ta nufi gidan Nikodim, mai karatu a coci.

"Rubuta," in ji ta. "Baba, ruwa ne a gugan."

"Haba Inna Fekla, wa ya ce miki ana ce wa Sarki Baba a takarda? Laƙabinsa kaɗai ya fi shafi."

"Battar ba za ta ɗauka ba. Kai dai rubuta, sarkin iyayi. Ka ce sunansa Mitrofan, ka ce shi kaɗai ya rage mini."

"In haƙorinsa ya sauka a kan ƙarfen fa?"

"Sarki ne, ba kai ba. Ba ya cin abinci kamar ana korarsa."

Ta naɗe takardar, ta sa a battar, ta liƙe bakinta da kakin zuma, ta cusa ta tsakiyar ƙullun. Burodin ya fito ja-wur, da ado a kansa da gurbin gishiri, aka shimfiɗa masa tawul ɗin aurenta.

Ranar zuwan jirgin tun hantsi muke bakin kogi. Ana ta kaɗa ƙararrawa, limamin coci ya sha rigar zinariya yana gumi, maza sun shiga ruwa har ƙugu don su fi kusa da alheri. Bayan azahar jirgin ya ɓullo, fari tas, tutoci rututu. Fekla ta ɗaga burodin sama. Jirgin ya zo, ya daidaita da mu, ya wuce. An dai ga wani abu fari a saman bene. Wasu suka rantse Sarki ne yana ɗaga hannu, Nikodim ya ce shi ya ga kamar shanya ce. Igiyar ruwan jirgin ta zo ta tuntsurar da dattawa biyu, har yau jikokinsu suna alfahari da hakan.

Fekla na tsaye hawaye na zuba, Yermolai ya matso.

"Kawo nan, tsohuwa. Jirgin zai tsaya a garin Kostroma. Ni da kaina zan miƙa."

"Hannu da hannu, ranka ya daɗe?"

"Ke, hukuma kike tuhuma?"

Ta miƙa masa, har da sumbatar hannunsa. Da ya sake leƙo ƙauyen bayan mako guda, haƙorinsa na gaba babu, yana magana iska na fita. Ya ce doki ne ya harbe shi a bakin aiki. Fekla ta tausaya masa, ta haɗa masa ruwan ganye na kurkure baki.

Daga nan ta koma 'yar bakin kogi. Duk jirgin da ya tsaya, tana nan tana duba masu sauka. Ta ce Sarki yana da ayyuka, ƙasar da faɗi, sai an bi layi. Da aka shiga yaƙi da Jamus, ta ƙara masa uzuri, ta ƙara kunna kyandir a gaban hotonsa. Shekara huɗu ba ta rasa masa dalili ba.

Sai wata safiya, ƙanƙara na narkewa, labari ya iso cewa Sarki ya sauka, kuma ba wanda ya hau. Aka buɗe gidajen yari. Mutane suka riƙa dawowa daga Saiberiya, ramammu, ba haƙora. Kowanne ta tare shi ta tambaya. Ba wanda ya san wani Mitrofan mai guga. Ciwon rashin ɗan ya ci ta ƙwarai, ta rame, ta daina yi wa kowa tsiya, abin da ya fi tayar mana da hankali ke nan.

Yermolai kuwa an tuɓe shi, an karɓe takobin, tumbin ya bi takobin. Wata rana ya tsaya a ƙofarta, hula a hannu.

"Savelyevna, ko da ɓawon burodi ne."

Ta yanko masa. Ya ci a tsaye, a hankali, da gefen baki. Sai ya laluba aljihu ya ajiye wani abu a kan tebur. Battar ce. Kakin yana nan yadda ta liƙa shi, sai wata 'yar lotsawa a murfin.

"Ba doki ba ne," in ji shi. "Ƙamshin ne ya fi ƙarfina tun kafin in kai mararraba. Ki yafe mini."

Ta ɗauki battar, ta sa babban yatsa a lotsawar, ta daɗe tana shafawa.

"Ko buɗewa ba ka yi ba?"

"Na ji tsoron abin da ke ciki."

"Ashe dai bai sani ba," in ji Fekla.

Ta miƙe ta janyo akushin ƙullu, ta naɗe hannun riga, ta barbaɗa gari.

"Me za ki yi?" in ji Yermolai.

"Wanda zai hau yanzu, yaya sunansa?"

"An ce an gama sarauta, Savelyevna. Babu kowa."

"Akwai wanda zai bi ta kogin nan dai," in ji ta. Ta cusa battar cikin ƙullun ta rufe. "Kai kuma in na gasa, kada in gan ka a bakin ruwa."