Ƙafar da Aka Ce Ba Za Ta Taka Ba

Ranar wata Laraba ce a daminar 1973, shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fitar da kai ba. Ina 'yar shekara tara, na hau can saman kukar da ke bayan gidanmu a wani ƙauye kusa da Shanono, ina tsinko ganyen miya, domin na ƙasa duk an riga an tsige. Ƙafata ta zame, na faɗo. Da na duba, sai na ga ƙwaurina na hagu ya lanƙwashe a inda Allah bai yi gaɓa ba.

Mahaifina ya tafi birni neman abin da za mu ci, don haka ƙaninsa Baffa Sale ne ke riƙe da gidan. Ya tsaya a kaina ya ce, "A wannan yunwar ƙashi ba ya haɗuwa. Ta gurgunce, a cire ta daga makaranta kawai." Makarantar tana da nisa, kuma a ƙasa muke zuwa. Inna ba ta ɗaga murya ba, cewa ta yi, "Ni na haife ta, ni na san ƙashinta." Ta aika aka kira Malam Garba maɗori. Maza biyu suka danne ni, ya ja ƙafar har na suma, ya shafa man shanu, ya jera karare ya ɗaure da tsumma.

Wata biyu na yi a kan tabarma ina jin ƙawayena suna carafke a ƙofar gida. Duk zuwan Malam Garba sai na dame shi da tambaya, shi kuwa bai taɓa kora ta ba. Shi ya gaya mini ƙashi biyu ne a ƙwauri, babba da siriri, kuma babban ne ya karye. Ya kama yatsana ya bi da shi kan ƙoƙon gwiwa da idon sawu, ya ce gwiwa kamar ƙyaure take, hanya ɗaya take buɗewa, amma ƙugu da kafaɗa juyawa suke kamar taɓarya a turmi. Haƙarƙarina kuwa da kaina na lalube su, rama ta riga ta fito da su fili. "Ƙashi ba kara ba ne," in ji shi, "rai gare shi." A lokacin shanu na ta mutuwa, ƙashi ya yi arha wajen mahauta. Inna takan dafa shi da daddawa, ta fasa ta ba ni ɓargon, ƙannena na kallo. Kunya nake ji, amma ina shanyewa tas.

Da aka kwance ɗorin, ƙafar ta tsotse, gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa. Kullum sai in dafa rumbunmu da babu ko zangarniya a ciki, in yi ta zagaya shi, in faɗi, in tashi. Wata Litinin na ɗauki sandar Baffa ba tare da na tambaye shi ba, na kama hanyar makaranta. Sai da rana ta ɗaga sosai na isa. Malaminmu ya ɗaga bulala don makara, ya dubi ƙafata, ya sauke hannunsa. A dawowa na ci karo da Baffa a bakin gona. Ya dube ni, sannan ya ce, "Riƙe sandar, na bar miki."

Yanzu in jikana ya karye, asibiti ake kai shi a ɗauki hoton ƙashi, kuma ina godiya ga Allah da hakan. Sai dai ba mai zama a gefensa ya gaya masa abin da ke cikin jikinsa. Har yau ina ɗan ɗingishi, amma ban taɓa zama inda aka ce in zauna ba.