Rautar da Na Ɓoye a Ɗakin Dalma

Shekaru sun ja, na canja wurin aiki har sau biyu, amma akwai wata Laraba da ba za ta taɓa fita daga raina ba. Har yau in na tuna ta sai gabana ya faɗi.

A lokacin ina aiki a wata cibiyar ɗaukar hoton marasa lafiya a unguwar Federal Low-Cost. Ni ce a kan babbar na'urar da ke ɗaukar hoton cikin kai. Ɗauka kawai na iya, karantawa aikin likita ne, likitan namu kuwa a Kano yake zaune. In na gama sai in kira shi in karanto masa lambar shiga, ya shigo kwamfutarmu daga can. Sai ka ga 'yar kibiyar allo tana yawo ita kaɗai, yana buɗe hotuna ɗaya bayan ɗaya.

Duk wannan ya rataya ne a kan rauta, 'yar akwatin da ke kamo sabis ɗin waya ta kawo mana intanet. Tana kan taga a barandar jira, da doguwar waya zuwa kwamfutata. Masu rakiyar marasa lafiya kuwa ba sa ganin soket su ƙyale. Kullum sai wani ya zare ta ya jona cajinsa. Na yi magana, na manna takarda, na yi faɗa, duk a banza. Ni kuma Allah ya yi ni da saurin fushi. Ranar Larabar nan da safe na tarar wata Hajiya ta zare ta tana cajin waya har biyu, sai na ce yau za a yi ta ta ƙare. Na kwashe rautar na kai ɗakin na'ura, inda ba mai shiga sai mara lafiya, na ja wayar ta ƙarƙashin ƙofa. Kwamfuta ta nuna a haɗe take, na kaɗe hannu ina jin na yi dabara. Ko kusa ban tuna cewa bangon ɗakin da ƙofarsa shafe suke da dalma ba, don kada hasken na'ura ya fita. Abin da ya hana haske fita kuwa ba zai bar sabis ya shiga ba.

Bayan azahar aka kawo wani dattijo mutumin Borno, mazaunin unguwar Kagarawal, keke mai ƙafa uku ya kife da su kansa ya bugu. 'Yarsa ce ta rako shi, mayafinta duk jini. Asibitin da ya turo shi sakamakonmu yake jira, a san ko za a buɗe kan ko ba za a buɗe ba. Da aka shigo da shi yana magana, har ya ce mini, “Sannu da aiki, 'yata.”

Na ɗauki hoto, na kira likita, na karanto lamba. Kibiya ta motsa sau ɗaya, ta ƙame.

“Sista, kwamfutar ta jefo ni waje,” in ji likita. “Sake karantowa.”

Na sake, ya shiga, ya kuma faɗowa. Na ce ko in ɗauki allon da wayata in turo masa? Ya ce hotunan sun fi ɗari, kuma shi ba ya yanke hukunci a kan ƙwaƙwalwar mutum da hoton waya.

Manajanmu ya shigo ya tsaya a kaina, ya kira injiniyan da ya haɗa mana kayan, ya buɗe muryar wayar kowa na ji. Injiniyan yana hanyar Bauchi. Abin da ya fara tambaya shi ne, “Anti, kafin komai, akwai abin da kuka taɓa yau?”

Manaja ya sha yin gargaɗi kada kowa ya taɓa kayan intanet, ga shi kuma tsaye yana kallona. Na buɗe baki na ce, “Babu.” Na gaya wa kaina ai matsar da abu ba lalata shi ba ne. Gaskiyar magana ita ce tsoro na ji, tsoron a tsinka ni a gaban mutane.

Da wannan kalma ɗaya na tura bawan Allah neman laifi inda babu shi. Ya sa na kashe kwamfuta na kunna. Ya duba ya ce data ba ta ƙare ba. Ya ce ko hadarin da ya haɗo ne ya taɓa sabis, ko kuwa matsalar daga Kano take, ya koma kan likita ya sa shi ya goge manhajar da yake shigowa da ita ya sake saukewa. Ni kuwa ina zaune, zuciyata na ce mini faɗi, bakina ya ƙi.

Sai na ji kakarin amai daga baranda. 'Yar dattijon ta banko ƙofa.

“Anti, Baba ya daina amsa ni! Don Allah me ake jira?”

Na leƙa. Mutumin da ya gaishe ni ɗazu yana kwance idonsa a rufe, numfashinsa na fita da gurnani. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba, don na ga mutum na tafiya, kuma a raina na san inda laifin yake.

“Anti, je ki taga ki gaya mini kalar fitilar rauta,” in ji injiniya ta waya.

Ido ya raina fata. Na ce, “Ba ta taga. Na kai ta ɗakin na'ura da safe.”

 Ya ce, “Innalillahi! Ɗakin dalma, Anti? Fito da ita, da gudu!”

Na tarar da fitilar ja, tana ƙyaftawa. Na fizgo rautar, na ture cajin wani, na jona ta a taga. Ba a yi minti ɗaya ba ta koma kore. Likita ya shigo kwamfutar, kibiya ta hau gudu.

“Jini ne, kuma yana danne ƙwaƙwalwa,” ya ce. “Ku fita da shi yanzu, zan kira asibitin da kaina.”

Da motar da za ta kai shi asibiti ta tashi na dubi agogo. Minti arba'in muka ɓata, kuma talatin daga ciki bayan na ce babu ne. Manaja ya juya ya fita abinsa, da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi.

Dattijon ya rayu. Bayan wata huɗu suka dawo a sake hoto, yana jan ƙafar hagu, harshensa ya yi nauyi. 'Yarsa ta riƙe hannuna tana ta sa mini albarka, wai mun tsaya wa babanta. Na kasa kallon idonta. Da suka fita na tambayi likita ko jinkirin nan ne ya jawo. Ya ce, “Allah kaɗai ya sani, Sista.” Bai ce a'a ba.

Kuskuren rauta kowa na iya yin sa, garin neman gira na rasa ido. Abin da ke cina shi ne amsar da na ba mai neman gyara. Tun daga ranar, in abu ya lalace aka tambaye ni me na taɓa, tun kafin a rufe baki nake faɗa, ko da wa ke tsaye a kaina. Kunyar da na guje wa ta minti ɗaya ce, amma wani ne ya biya ta, kuma har yau ban san nawa ya biya ba.