Iskar Girki a Motar Malam

Ni ba da ha'inci na taso ba. Mahaifina manomi ne a Maradun. Ruwan madatsar Bakolori ya ci gonarsa, ni kuwa na samu aiki a garejin 'yan kwangilar da ke ginin. A can na koyi gyaran esi, na'urar sanyaya mota, kuma hannuna ya faɗa ƙwarai. In aka tayar da mota na kasa kunne ga kwamfuresa, wato injin da ke tura iskar sanyin, nan take zan gane ko bel ne ya saki, ko mai ne ya ƙare ta fara cin kanta. In yoyo ne, ruwan sabulu nake shafawa, inda kumfa ta taso nan ne ɓarakar.

Da aka sallame mu na kafa rumfa a bakin titi a Talata Mafara. Da ƙaramin abu na fara. Waya ce kawai ta tsinke, sai in ce kwamfuresa ta mutu, in kwance ta, in wanke da fetur, in fesa fenti, in mayar a matsayin sabuwa. Ba wanda ya gane, ni ma na daina jin kunya.

Sai iskar esi ta yi wuyar samu. Wata rana na gwada ɗura iskar girki, irin ta tukunyar gas. Wallahi sanyin da ta yi ya fi na gaskiyar! Kafin ka ce me, sunana ya zaga gari. Nan fa na shiga uku. Na san abin nan wuta ce. In na daina, sanyi zai ragu a tambaye ni dalili. In na faɗi gaskiya, na kashe kaina. Duk motar da ta wuce gilashi a rufe sai in bi ta da kallo ina tunanin abin da na ɗura mata, abinci ma ba ya yi mini daɗi.

Ana haka sai ga malamin da na sauke Alƙur'ani a hannunsa, daga Bakura, cikin tsohuwar Fijo da ɗalibansa suka saya masa. Dattijo ne mai rubuta Alƙur'ani da hannu. Na durƙusa muka gaisa, ya ce, "Ɗana, kowa na yabon aikinka, shi ya sa ban kai ta Sakkwato ba. Duba muna, zafin ga ya ishe ni."

Na shafa sabulu. Kumfa ta taso a wuyan kwamfuresa, ta taso a bututun da ya shiga cikin mota. Robar da ke toshe mahaɗar ta mutu, ba ni da sabuwa, ba ni da iskar kirki.

Ya ce, "Mi ka gani?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, iska ce kawai ta ƙare." Na ɗaure bututun da tsumma na ɗura masa abin da nake ɗura wa kowa. Har addu'a ya yi mini.

Kwana biyu bayan haka, a hanyar Dakko, Malam ya ji wani wari a cikin mota. Bai san warin gas ba, ya ce wa direbansa ya kunna turaren tsinke. Ashana ɗaya, mota ta kama da wuta. Malam ya samu ya fita, amma ya koma ya jawo direban da hannuwansa biyu. Duk sun rayu.

Ban yi gardama ba da aka zo kama ni. Na lissafa wa 'yan sanda kowace mota da na taɓa, aka bi su aka fitar da iskar. Shekarun da na yi a gidan yari, a ɗaki mai taga ɗaya can sama, ba zafin ne ya fi damuna ba, tunani ne.

Ranar da na fito, kai tsaye Bakura na nufa. Na durƙusa gaban Malam, na kasa ɗaga kai. Malam ya ce, "Na yahe maka tun ranar. Taso ka kama mini buta, lokacin Azahar ya yi." Na zuba masa ruwa a kan yatsunsa da ƙuna ta sa suka manne da juna, ina kuka kamar mace ta rasa ɗa. Na tuba, kuma har gobe ina tuba.

Ku samari masu koyon sana'a, ku ji ni da kyau. Kada daɗin yabo ya sa ku rufe ɓarna da fenti. In ba ku da abu, ku ce babu, in aiki ya fi ƙarfinku ku tura mutum gaba. Ni an yafe mini, har na sake buɗe rumfa. Malam kuwa ya rasu da rabin Alƙur'anin da yake rubutawa a gafakarsa, bai sake riƙe alƙalami ba.