Ajin da Na Ƙwallafa wa Rai

Ranar da na fara zuwa makarantar da aka tura ni koyon aikin koyarwa, mai gadi ya kora ni layin ɗalibai. Yanzu ba na ganin laifinsa, amma a lokacin kamar in shaƙe shi. Allah bai ba ni tsawo ba, ga ni siririya cikin baƙar abaya da ɗan mayafi, shi kuwa ya ɗaga sanda ya ce in yi sauri an buga ƙararrawa. Sai da na ciro takardar jami'a na miƙa masa, sannan ya bar ni na wuce.

Da na koma gida na ce wa mahaifiyata ba zan sake taka makarantar nan ba sai da farin tob, wato lafayar nan da malamai mata suke naɗawa. Ta ce budurwa da tob, sai ka ce wadda aka kai ɗaki. Duk da haka ta aika aka aro mini na goggona. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Goggona doguwa ce mai jiki, tob ɗinta ya zagaye ni har da saura. Ga damina ta kankama, kuma duk wanda ya san Gadarif ya san baƙar lakarta mai cire wa mutum takalmi ta riƙe. Kullum nakan isa makaranta gefen tob ɗin ya yi baƙi ƙirin.

Makarantar ba ta daɗe da sake buɗewa ba. Tun da yaƙi ya koro mutane daga Khartum da Jazira aka sauke iyalai a azuzuwan, kuma har lokacin akwai waɗanda ba su tashi ba. Ni da na zo a ƙarshe, kuma ban zama cikakkiyar malama ba, aka ba ni 'yan matan aji biyar a ƙarƙashin rumfar zana, da wani guntun katako da aka jingina a kujera wai shi ne allo. Layi uku in na rubuta ya cika. Shugabar makarantar ta nuna mini ajin ƙarshe na kusa da famfo ta ce, "Wancan naki ne, in mutanen ciki sun tashi."

Shi ke nan na ƙwallafa rai. Mai duba aikinmu zai zo daga jami'a ya zauna ya ga darasina, kuma cikin abin da yake ba wa maki har da yadda mutum ke tsara allo. In na faɗi sai wata shekarar, ni da yaƙi ya riga ya zaunar da ni a gida har na gaji da zama. Na kasa zaune na kasa tsaye. A ofishin malamai in an kawo kwanon ful, wato dafaffen wake, da hantsi an zagaye shi, loma biyu nake yi in miƙe, in je in gifta ta gaban ajin nan ko zan ga an fara ɗaure kaya.

Kullum wata dattijuwa ce zaune a bakin ƙofar a kan gadon igiya, tana tsince shinkafa ko tana yi wa jikokinta kitso. Duk inda na bi idonta na kaina. Nakan gaishe ta da Larabci a taƙaice in wuce.

Wata Talata na ɗaga hannu zan yi rubutu, tob ya zame daga kaina, ya sauka daga kafaɗa, na taka gefensa na kusa kifewa. 'Yan matan suka kwashe da dariya har da masu riƙe ciki. Na daka musu tsawar da ni kaina sai da ta ba ni tsoro, na sa su tsayuwa har aka tashi. Ina tattara littattafai, kuka na neman ƙwace mini, sai na ji an ce da Hausa, "Ke 'yar nan, ta'ali, zo nan."

Dattijuwar ce. Ashe ita ma Bahaushiya ce, daga garin Madani da ke Jazira. Ta ja ni ciki ta tura ƙofa.

"Wa ya naɗa miki wannan? Naɗin gidan biki ne, ya bitti, 'yata. Mai riƙe alli ba haka take naɗawa ba."

Ta warware shi gaba ɗaya, ta ninke saurar a ƙugu, ta ɗage shi taƙi guda daga ƙasa, ta cusa gefen a hammatata ta hagu, sannan ta cire fil daga nata mayafin ta maƙale ta ciki inda ba a gani. "Ɗaga hannu." Na ɗaga. Ko motsi bai yi ba.

"Kwayyis, ya yi. Kuma ki bar ihun nan. Ustaza in ta yi ihu, banat, 'yan matan nan, sun san sun ci ta. Yi shiru ki zuba musu ido kawai."

Na ce, "Hajja, ke ma malama ce?"

Ta yi dariya. "Tun ba a haife ki ba."

Daga ranar kullum da safe sai na biya ta duba ni, ta ja nan ta gyara can, wani lokaci ta tsiyaya mini kofi mai citta. Amma bari in faɗi gaskiya, ina shan kofinta idona na kan allon da ke bayanta. Na siminti ne, daga bango zuwa bango. Sun rataye tufafi a ƙusoshin samansa, a gefe guda kuma ga lissafin da take koya wa jikokinta, rubutu tsaf abin sha'awa.

Sai aka sanar cewa mai dubawa zai zo ranar Lahadi, farkon makon aiki a wurinmu. Na faɗa ofishin shugaba ko sallamar kirki babu. Na ce har yaushe za a yi ta haka, makaranta ce ko gidan haya, ɗalibai na rumfa mutane na kwance a aji. Na ce in na faɗi ita ce sila. Ta cire tabarau ta dube ni.

"Kin san su wa ke ciki?"

"Na sani."

"Tayyib, to. Zan yi magana da kwamitin unguwa."

Na sani ɗin, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Na fito ina lallashin zuciyata cewa ai dama za su tashi, ai kowa ya san an kafa tantuna a bayan gari, ni tuni kawai na yi. Washegari Alhamis ban biya ta wurin dattijuwar ba. Na zagaya ta bayan rumfa, na ji tana kira na yi kunnen uwar shegu.

Lahadi na iso da wuri. Babu gadon igiya a bakin ƙofa, sai sawun amalanken jaki da ya nutse a laka har bakin titi. An share ajin tas. An wanke allon, an shafe shi da gawayi da ƙaro har yana sheƙi. A sama an rubuta bisimilla da kwanan wata, an ja layi biyu an raba shi gida uku, daidai yadda masu dubawa ke so.

Shugaba ta zo ta tsaya a bayana, ta ce jiya aka kwashe su zuwa tantunan. "Dattijuwar ta ce in gaya miki, da kin tambaye ta, da ta fitar da kayanta waje na awa ɗaya kin yi darasinki. Ta ce ita ma an taɓa duba ta."

Wallahi tunanin bai taɓa zo mini ba. Ni aji nake so, nawa na kaina, kuma ban ga komai ba sai shi.

Mai dubawa ya zo ya zauna a bencin baya. Ina tsakiyar darasi aka kece da ruwa, kwano na ƙara har sai da na ɗaga murya, 'yan mata suka tashi suka rufe tagogi. Ko ɗigo bai taɓa mu ba. Na san irin ƙasar da ke bayan gari, na kuma san abin da ruwa irin wannan yake yi wa tanti. Na ci gaba da rubutu. Da aka gama ya yaba tsarin allona musamman, na ce na gode, kunya kamar ta kashe ni.

Na ci jarrabawar. Daga makarantar zuwa tantunan bai kai rabin awa a raksha, wato babur mai ƙafa uku, ba. Sau da dama na shirya zan je, har sukari da garin kofi na saya na ajiye. Na rasa da wace fuska zan yi mata sallama, kullum sai in ce gobe. Da na daure na je, an riga an fara yankan riɗi. Wata mata da na tarar a wurin ta ce sun tashi tuntuni, kuma ba ta san inda suka nufa ba.