Zani Bakwai na Kawuna

Ana sallame sallar asuba muka fito daga gida a Zariya, ni da ƙanwata, mun nufi Bungudu sunan jikan babban kawunmu. Da sassafen nan muka samu mota a tasha, amma direba ya ce shi kam ba ya son ya wuce Funtuwa sai rana ta ɗaga sosai, kuma babu wanda ya yi masa musu. Kuɗin mota ya kusa ninka na bara. Wata mata a bayanmu ta yi ta mita har muka bar gari, daga baya barci ya rufa mana asiri.

Sunan dai dalili ne na fita. Abin da ya tashe ni shi ne wayar da kakarmu Inna ta sa aka buga mini ana saura kwana uku. Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba ta ce, "Ki biya Gusau ki zo man da Ladi. Ƙahwahuna sun ƙi, idanuna sun ƙi, ni ko ban ƙi ba."

To jama'a, bari in gaya muku wace ce Ladi, don yau na daina ɓoyewa. Ƙanin mahaifiyarmu ne, Allah ya jiƙanta, autan Inna, wanda muke kira Kawu. Ɗan daudu ne. Tun yana saurayi yake wasa a bukukuwan mata da sunan Ladi Mai Zani Bakwai, kuma an ce a lokacin, bikin da Ladi ba ta je ba sai an yi wa uwar biki jaje. Da aka tsaurara abubuwa a jihar shekaru ashirin da wani abu da suka wuce, wasan ya mutu, shi kuma wansa, babban kawun namu, mai gidan da Inna ke zaune a Bungudu, wanda kowa ke kira Alhaji, ya kafa masa doka cewa iyakarsa zaure. Duk Sallah Inna ke fitowa zauren su gaisa. Yanzu shekara biyu ke nan ba ta iya takawa har can, shi kuma ba shi da izinin shiga, saboda haka shekara biyu uwa da ɗa ba su taɓa hannun juna ba, alhali tsakaninsu bai kai tafiyar rabin awa ba.

Daga Funtuwa hanya ta yi kyau da damina. Gero ya fitar da kai, dawa ta kai ƙirjin mutum, ko'ina kore shar. Sai dai muna wuce Yankara hira ta ɗauke a motar, kowa ya koma ga carbinsa. Shingayen jami'an tsaro ban san nawa muka wuce ba. A wajen Kucheri na ga gonaki masu kyau a bakin titi, amma da ka ɗaga ido can ciki sai ka ga ciyawa ta cinye filin da ya kamata a ce gona ne. Wani dattijo da ke kusa da direba ya nuna da haɓarsa ya ce nasu na can, bana ma ba su shiga ba. Ba wanda ya tambaye shi dalili.

A Tsafe muka tsaya aka sauke kaya, nan ne rai ya dawo wa mutane. Masu babura sun yi cincirindo, masu masara gasassa suna turo hannu ta taga. Na sayi biyu, kowace naira ɗari biyu, mai masarar yana rantsuwa wai don ni baƙuwa ce ya rage mini, alhali na ji shi yana sayar wa wani haka. Wata Bafillatana ta dama mana fura a ƙwarya, nonon nan mai kauri da ɗan tsami. Ƙanwata da ta ce ita ba ta shan furar hanya, ita ta ɗaga ƙwaryar ta lashe gindinta.

Dutsen Kwatarkwashi kuwa duk sanda na gan shi sai na ƙura masa ido. Ruwan sama ya wanke shi, ya yi baƙi yana sheƙi, gizagizai na zaune a kansa. Kafin azahar muka shiga Gusau.

Kawu yana da rumfar abinci kusa da wata tasha: waina da safe, tuwon shinkafa da miyar taushe da rana. Na hango shi tun daga nesa, ya ɗaura tsumma a ƙugu kan jallabiya, yana juya waina a tanda da wani irin karya wuyan hannu da ko a cikin mutum dubu zan gane. Ya tsufa, furfura ta fito, amma tozalin idonsa na nan. Abokan aikinsa biyu irinsa ne, kuma a tsakaninsu "ke" suke ce wa juna, ba ruwansu da wanda ke ji. Yana ganina ya dafe ƙirji ya ce, "Wayyo ni, ɗiyar Yaya! Ke kuma mi ya rame da ke haka, mijin naki ba ya cefane?" Kafin in zauna an ajiye mini malmala biyu.

Da na faɗa masa saƙon Inna, ludayin da ke hannunsa ya tsaya. Ya ce Ladi ta mutu tuntuni, shi dai zai je suna, ya zauna zaure kamar kowa, in gaishe masa da tsohuwa. Ban matsa ba. Muka kwana gidan wata 'yar uwa. Da safe ya zo da ƙaramar motar haya ya ɗauke mu, sanye da babbar riga da hula, ya cika but ɗin motar da kulolin waina. Na ga ya cusa wata tsohuwar jaka a ƙarƙashinsu, na yi kamar ban gani ba.

Bungudu ba nisa. Muna fita Gusau sai ga shanun huɗa a gonaki da mata ɗauke da itace, kafin mu gama gaisawa da direba mun iso. An riga an raɗa suna, ana fiɗar rago. Maza sun cika tabarmi a ƙofar gida. Alhaji ya miƙa wa Kawu yatsu uku ya janye, Kawu ya samu bakin tabarma ya zauna. Wallahi sai da ya ba ni tausayi. Mutumin da jiya ya cika rumfa da baki, yau ya rasa inda zai ajiye hannuwansa.

A cikin gida an fito da gadon Inna ƙarƙashin rumfa. Ta ƙanƙance sosai. Ta shafa fuskata, ta shafa ta ƙanwata, sannan ta miƙa hannu gefe tana laluben mutum na uku. Na ce yana zaure. Tuwon da aka kawo mata ko taɓawa ba ta yi ba.

Bayan azahar Alhaji ya tafi raka surukai bakin titi. Inna kamar tana jira, ta ce, "Tahi ki ce a shigo da wainar nan, kuma wanda ya toya ta shi zai ɗauko." Na je na faɗa. Kawu ya ɗauki kula, ya zo daidai ƙofar da ke shiga tsakar gida ya toge. Sai da na ce masa mata fa na jin yunwa, sannan ya yi bisimilla ya ɗaga ƙafa.

Ya durƙusa gaban gadon. Inna ta kama kansa da hannu biyu, ta shafa kunnuwa, ta shafa gemu, ta gangaro kan aikin babbar rigar. Sai ta ture shi ta ce, "Ni Ladi na aika a kira man, wanga alhajin hwa daga ina?" Tsofaffin matan da ke wurin suka kwashe da dariya, wata ta rangaɗa guɗa. Kawu ya kalle ni. Ni kuwa na riga na aiki ƙanwata ta ɗauko jakar daga mota.

Ya shiga ɗakin Inna. Kafin ya fito an kife ƙwarya a baho mai ruwa, mata biyu sun kama 'yan sanduna suna kiɗa. Da labule ya ɗaga, ni dai ban ga Kawu ba. Wata ƙatuwar mata ce ta fito, ta yi ɗaurin kallabi ya kai kamu guda, zannuwa bakwai sun mayar da ita kamar rumbu, tana tafe tana nishi tana gaisawa da mutane da ƙyar. Ashe yadda wasan yake, kowane zani mace guda ne. Na saman nan Hajiya ce da ta dawo daga Makka, ba ta iya magana sai ta yi dariya don a ga haƙorinta na zinariya. Ta zagaya fili, ta taka rawa a hankali, ta kama bakin zanin kamar za ta kwance sai ta fasa, mata suna ihu suna roƙo, sai da ta ja musu rai sannan ta warware shi ta jefa a cinyar Inna. Nan take tafiya ta canza, murya ta canza, ga ungozoma tana faɗa da mai jego kan ruwan zafi. Bayanta malamar asibiti mai taku ƙwas-ƙwas. Bayanta bazawarar da ta ci kwalliya za ta unguwa tana cewa ita fa ba wurin kowa za ta ba. Kowane zani ya faɗo, Inna sai ta murza shi da yatsu ta faɗi wadda za ta biyo baya tun kafin Ladi ta buɗe baki. Ba ta gani, amma ta fi mu duka ganin wasan. 'Yan matan gidan da ba su taɓa sanin wannan abu ba har da masu faɗuwa ƙasa. Wata ta ɗaga waya, na ce ta mayar da ita jaka, kuma ta mayar.

Ana cikin zani na biyar muka ji sallamar Alhaji daga zaure.

Kiɗa ya tsaya cak. Ladi ta daskare da bakin zani a hannu, na ga kafaɗun nan sun sauko, Kawu yana neman dawowa. Kun san dai al'adarmu: in mata sun taru a cikin gida, namiji ko mai gidan ne ba ya faɗowa sai ya yi sallama an ba shi izini. Ya sake sallama, da ƙarfi. Kowa ya juya ga Inna. Tsohuwar nan ta ɗaga murya yadda ban zaci tana da ita ba, ta amsa sallamar, sannan ta ce, "A dakata, Alhaji. Mata na ciki, ba mu kimtsa ba."

Ya ce, "Inna, mata kaɗai?"

Ta ce, "Mata kaɗai. Ni da ɗiyana."

Muna jin takalmansa suka juya. Ya san sarai wanda ke ciki, motar na ƙofar gida, tabarma ba Kawu. Amma ba zai ƙaryata uwarsa a gaban taro ba, kuma ba zai keta mata ba. Masu ƙwarya suka ci gaba. Ladi ta ƙarasa na biyar da na shida hawaye na wanke mata tozali, ga shi tana ba mutane dariya, mu ma muna dariya muna share ido.

Na bakwai wani tsohon saƙi ne baƙi, duk ya koɗe, an ɗaura shi kan doguwar riga. An ce shi ba a taɓa kwance shi a fili, a kansa wasa ke ƙarewa. Ranar kuwa ta kwance shi, ta durƙusa ta sa a hannun Inna. Inna ta murza, ta kai hanci, ta ce wannan ai nata ne na aure, wanda ya ɓace daga akwati aka yi ta zargin maƙwabta. Kawu ya sunkuyar da kai ya ce shi ya ɗauka, yana ɗan shekara goma sha biyu, ta yafe masa. Inna ta ce, "Wa kike zato ya bar akwatin buɗe?" Ta lalubo ƙugunsa ta mayar da zanin, ta ɗaure da hannunta.

Ba mu jira la'asar ta yi sanyi ba saboda hanya. Kawu ya mayar da babbar rigarsa. Alhaji na zaune a zaure, bai ɗago ba, ya dai ce Allah shi kiyaye hanya, ban san ko da wa yake ba a cikinmu. Ko dokar ta tashi ko tana nan, ba wanda ya ce. Da muka kai Gusau Kawu zai sauka, sai ya ce ranar Juma'a zai koma ya kai wa tsohuwa miyar taushe, in an tare shi a zaure to, in ba a tare ba to.

Washegari muka kamo hanyar gida, muka iso Zariya lafiya kafin la'asar, alhamdu lillahi. Na koyi cewa a bi hanyar nan da rana, kuma kada a yarda da rantsuwar mai masara. Babban abin da na koya kuwa a kaina ne. Shekara da shekaru in ƙawayena suka ga hotonsa a wayata, cewa nake wani mai abinci ne ɗan garinmu. Tsohuwar da ba ta gani, ba ta iya tashi daga gado, ta faɗi nata a gaban taro ba ta ji kunya ba, ni da ƙafafuna da idanuna na kasa. To ga shi na faɗa yau: mai abincin nan kawuna ne, ƙanin uwata, kuma shi ne Ladi.