Inna Sheƙi da Bututun Tagulla

Duk layinsu ba wanda ke kiranta da wani suna sai Inna Sheƙi. Matar nan in ta ga abu ya dushe, hannunta ƙaiƙayi yake yi. Cokali, gindin tukunya, hannun ƙofa, har kwaɗon maƙwabta in ta je aron gishiri sai ta murza shi da gefen mayafi kafin ta fito. An taɓa kwantar da ita asibiti, likita ya shigo ya tarar tana goge ƙarfen gado.

Sai Allah ya haɗa ta da miji mai karce abu da gangan. Alƙalamin katako yake yi a ɗakin bayan gida. Zai huda guntun katako, ya cusa siririn bututun tagulla a ciki da gam, in ya bushe ya ɗora a inji yana juyawa yana fiƙewa. Amma kafin gam, sai ya bi bututun da sanfefa, takardar nan mai kaushi, abu sabo fil ya koma kamar kyanwa ta yi kokawa da shi. Sannan ya caka bakin bututun cikin dankali don kada gam ya shiga. Dankali mai ramuka ta haƙura tana dafawa. Karcen nan ne ya tsaya mata a wuya. Shi kuma magana tsada take yi masa, bai taɓa faɗa mata dalili ba, sai dai "Kar ki taɓa."

Da mahaifinsa ya rasu, sandar tsohon ce ta zo hannunsa. Gara ta ci rabinta, guntu biyu kacal suka fito masu kyau. Ya ce alƙalami zai yi wa 'yarsu da za ta fara koyarwa, tunda kakanta ne ya fara riƙe mata hannu a kan fensir.

Ya karce bututu biyu, maƙwabci ya kira shi duba famfo. Inna Sheƙi ta shigo da shayi, ta gan su a faranti.

"Haba! Wannan ƙazantar za a sa cikin sandar Baba?"

Ta ɗauko man goge tagulla, ta ba su haƙƙinsu. Ta haɗa da tabaraunsa ta tafi wankewa. Bawan Allah ya dawo yana lalube, ya shafa gam, ya cusa ɗaya.

Washegari inji na juyawa, ƙarfe na taɓa katako, sai ji kake tas! Bututu ya sulɓe, katako ya tarwatse har kan taga. Ta rugo da gudu, ta same shi riƙe da bututun yana kallo.

"Maman yara."

"Na'am."

"Fuskata nake gani a nan?"

"Don Baba na yi," ta ce.

Ya ajiye bututun. "Gam ba ya kama santsi. Sai ya sami inda zai maƙale."

"To shekara da shekaru me ya hana ka faɗi haka? Bakinka ma gam ka sa masa?"

Faɗa take yi, amma idonta na kan tarkacen katakon. Tsohon nan ya riƙe ta kamar 'yar cikinsa, ga shi ta fasa rabin abin da ya bari. Guntu ɗaya ya rage a kan tebur, kusa da ɗaya bututun da ke ta walƙiya.

Ta miƙa hannu. "Ba ni sanfefar."

Wallahi da ka ga fuskarta sai ka ce ɗanta za a yi wa allura. Ta runtse ido, ta ja sau ɗaya.

"Ƙara," in ji shi.

"Baban yara, ka ji tsoron Allah."

"Ƙara."

Ta yi ta karcewa tana tsaki, har ba sauran ƙyalli ko na magani. Ita ta yanko dankalin ma da kanta.

Da ya kunna inji kashegari, tana bakin ƙofa, yatsu cikin kunne. Katako bai fashe ba. Alƙalami ya fito sumul, sai dai a dushe. Ya juya shi a hannu, ya miƙa mata.

"Ciki nawa ne. Waje kuwa..."

Bai ƙarasa ba ta jawo gefen mayafi. 'Yar ta zo karɓa da yamma, ta tarar da uwar a kan kujera tana murzawa, hawaye na ɗiga a kan katakon kakanta.

"Mama, ai ya yi."

"Zauna ki jira," in ji Inna Sheƙi. "Wannan kam ba mai hana ni."