Muryar Yaya a Cikin Injin Gem

Shekara talatin da ɗoriya Mai Dalma ya yi yana gyaran injinan gem, irin masu tsayin mutum ɗin nan da ake tsayawa a gabansu a buga. Yayansa ne ya koya masa. Shi kuwa Yaya bai taɓa yarda da ƙwaƙwalwar da kamfani ke sa wa inji don ta tashe shi ba. Cire ta yake yi ya rubuta tasa, har muryarsa ya cusa a ciki. Kana kunna inji sai ka ji an ce, "To, wa ya zo?"

Yaya ya rasu, injinan suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, har na ƙarshen ya yi shiru a lungun shago. Duk abin da ya rage na muryar nan yana cikin wata 'yar baƙar ƙwaƙwalwa mai ƙafafu duk tsatsa, manne da dalma a cikin wannan injin.

Wata rana da hantsi 'yarsa ta shigo da kwamfuta.

"Baba, wasannin duk na kwafe, amma sun ƙi tashi. Sai da fayil ɗin da ke cikin wannan abar."

"Abar? Baffanki ne fa."

"To, a ciro mana Baffa mu gaisa."

"In na ciro ta ba ta komawa, Uwata. Ƙafa ɗaya ta karye kafin ki kwafe, shi ke nan."

Ya daɗe yana goge bakin ƙarfen dalmar da ba shi da datti. Sannan ya shiga narkar da dalmar, ƙafa bayan ƙafa, numfashi a riƙe. Da ta fito, 'yar ta ɗora ta a kan na'urar karantawa. Kwafin na gamawa, ƙafafu uku suka zube a tebur kamar na busasshen kyankyaso.

Ta danna. Allon ya yi shuɗi.

"To, wa ya zo?"

Mai Dalma ya yi dariya har da hawaye. Sai lasifikar ta ja numfashi. Tsawon shekarun nan bai taɓa jin ta ja numfashi ba.

"Auta," in ji muryar a hankali, "nan ina ne?"

Tun rasuwar Yaya ba wanda ya sake kiransa da wannan sunan. 'Yar ta ja kujera baya, yatsanta a kan maɓalli.

"Baba, wallahi ban sa wannan ba. In goge?"

Ya dubi ƙwaƙwalwar. Ta gama nata, babu inda za a sake samo muryar.

"Bar shi," ya ce. "Sai dai kar ki amsa masa."